Jan Madannin da Chike Ya Danna

Kun taso kun tarar ba na zuwa gidan kawunku Alhaji Sale sai in an yi rasuwa ko suna, kuma ko a nan ɗin gaisuwarmu ba ta wuce "ya iyali" da "lafiya lau". Na san kun tambayi mahaifiyarku dalili, na kuma san abin da dangi suke faɗa muku, wai babanku ne ya rushe sana'arsa da hannunsa saboda taurin kai. Taurin kai kam akwai shi, ba zan musa ba, kun ma gada, musamman ke Zainab. Amma labarin ya fi haka tsawo, kuma akwai wani mutum a cikinsa da ba a cika ambata muku sunansa ba. Yanzu da idona ya fara gajiya da kallon kwamfuta, gara in rubuta muku da kaina tun ina iya tuna wa ya ce me.

Shekarar da aka haifi autanmu Sadiku ce. A lokacin Fagge ta cika da injinan ɗinkin kwamfuta, masu kawuna shida ko goma sha biyu, waɗanda ke zuba aiki a wuyan kaftani da gaban babbar riga. Mutum zai yanki shaddarsa a Kantin Kwari, ya tako da ƙafa ya miƙa, bayan kwana biyu ya dawo ya karɓa. Yawancin injinan tsofaffi ne da aka yi amfani da su a waje, aka shigo da su. Ƙarfensu garau yake, amma ƙwaƙwalwarsu ba ta jure irin wutarmu mai zuwa a fusace ta tafi ba sallama, kuma da ƙwaƙwalwa ta ƙone inji ya zama teburin ajiye kwanon abinci. Ni kuwa na bar koyarwa ke nan, ina neman inda zan yi amfani da ilimin rubuta manhaja, sai na ga ƙofa: in haɗa sabuwar ƙwaƙwalwa, in rubuta mata manhajar da za ta tuƙa injin. Kawunku, yayan mahaifiyarku, shi ke da shago mafi girma a layinsu, kuma shi ya fara ba ni matattun injinansa biyu in gwada. Da suka tashi, shi ya riƙa jan hannuna shago-shago yana cewa ga mijin ƙanwarsa, Injiniya. Wannan alherin nasa ban manta ba, ku ma kada ku manta.

Ni ban iya ƙarfe ba. Ku ba ni sukudireba ku ga abin dariya. Wanda ya iya shi ne Chike, babban ma'aikacin shagon kawunku, mai gyaran inji kuma mai lura da shi in yana aiki. A Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa kayan keken ɗinki yake sayarwa, Hausarsa kuwa har gyara mini ita yake yi in na kwaɓa ta da Turanci. Ya girme ni da 'yan shekaru. Dattijo ne a cocinsu, ba ya shan giya, ba ya shan taba, ko goro na miƙa masa sai ya ce in kai wa Baba, wato kakanku. Tabarau yake ratayawa da igiyar takalmi a wuya. Shi yake jan wayoyi, ni in rubuta manhaja, kuma sau ɗaya tak muka taɓa samun saɓani, a kan jan madannin da ake dannawa in ana so inji ya tsaya.

"Injiniya," in ji shi, "bari in ja wa jan nan waya kai tsaye zuwa motar injin. An danna, wuta ta yanke, magana ta ƙare."

"In ka yanke wuta, allura za ta tsaya a cikin yadi," na ce masa, "inji ya manta inda ya kwana, aikin awa uku ya lalace. Bar wa manhaja. Ita za ta ɗaga allura, ta riƙe wurin, sannan ta tsaya."

"In manhajar ba ta ji ba fa?"

"Ni na rubuta ta. Za ta ji."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to. Haka yake, in ya faɗi nasa sau ɗaya ba ya maimaitawa.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikin, ku yi haƙuri, na san Aliyu zai so ya tsallake. A cikin ƙwaƙwalwar da na haɗa akwai ma'aikata biyu da ke aiki a lokaci guda, ba mai jiran wani. Na farko shi ke tafiyar da allura yana ƙirga sukan da ta yi. Na biyu ba ya komai sai sauraron madanni. Suna da allo guda da suke rubutu a kai, kowa da gurbinsa. Na farko yana rubuta ƙirgensa a gurbinsa, na biyu in an danna sai ya rubuta "tsaya" a nasa gurbin, wanda ke maƙwabtaka da na farkon. Kafin kowace suka, na farko zai leƙa gurbin maƙwabcinsa, in ya ga "tsaya" ya tsaya. Duk mai irin wannan aikin ya san haɗarinsa: in ma'aikata biyu suka kai hannu wuri ɗaya a lokaci ɗaya, sakamako ya dogara ga wanda ya riga. Mu muna kiran wannan rige-rige, kuma na kiyaye shi matuƙa. Ba inda na bar ɗayansu ya yi rubutu a gurbin ɗan'uwansa. Sai dai inji ba ya jin abin da nake rubutawa. Akwai wata manhajar a tsakaninmu, ana ce mata kamfaila, ita ce tafintan da ke juya rubutuna zuwa yaren inji. Tafintan nan fassara biyu ya iya. Akwai ta sannu-sannu, kalma bayan kalma, wadda ke ba ni damar leƙa cikin inji in ina neman kuskure. Akwai kuma ta gaggawa, wadda yake taƙaitawa ya gyara don inji ya yi sauri, ita ce nake ɗora wa injinan da ke aiki a shaguna. Ban taɓa kawo wa raina cewa fassarorin biyu za su iya saɓawa a ma'ana ba. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa in abu ya lalace su zargi kansu, kada su zargi kamfaila.

Wajen watan Rajab Chike ya fara kawo ƙara. Ya ce ya danna ja, inji ya ci gaba da suka kamar ba da shi ake ba, sai da ya sake dannawa. Na zo da laftof ɗina, na ɗora fassarar sannu-sannu don in ga ciki, na danna har babban yatsana ya yi ciwo, inji na tsayawa cak kowane karo. Na mayar da ta gaggawa na tafi. Bayan mako biyu ya sake kira, na sake zuwa, aka maimaita. A karo na uku har yaran shago suna dariya, wai injin Chike kunyar Injiniya yake ji. Ni ma na yi dariyar, kuma ita ce dariyar da na fi jin kunyarta a rayuwata.

Ran da abin ya faru ina gida ana shirin sunan Sadiku. Wata babbar riga ce ta wani babban mutum a kan inji, farar shadda, zare ya harɗe a kai na huɗu. Chike ya danna ja, ya kai hannu zai warware, kamar yadda ya yi sau dubbai. Allura ta sauko ta huda masa manuniyar hannun dama ta karye a ciki, firam ɗin da ke riƙe yadi ya ja hannun, riga ta yage, jini ya wanke farar shadda. A asibiti sai da aka cire gaɓar farko ta yatsan. Mai rigar ya yi rantsuwa ba zai ƙara taka layin ba, kawunku ya hau sama, kuma kafin Azahar ɗin washegari wata magana ta zaga Fagge, wadda har yau ban san bakin da ya fara furta ta ba: ai mutumin Sabon Gari ne, wa ya san abin da ya kora kafin ya fito aiki.

A layin akwai al'ada. In aka yi ɓarna babba, ba a zuwa wurin 'yan sanda, shugaban ƙungiyar maɗinka ne ke shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonsa bayan La'asar, a kira mai shago da ma'aikaci da duk wanda ya san aikin. Aka kira ni. Chike na zaune a kan benci da hannu a naɗe. Shugaba, wani dattijo mai sanyin murya, ya tambaye shi, ya ce ya danna. Sai ya juyo gare ni.

"Injiniya, kai ne ka san cikin abin nan. Zai yiwu a danna ya ƙi tsayawa?"

"Ranka ya daɗe, na bi rubutuna layi-layi har sau uku," na ce. "Babu kuskure a ciki. Na kuma gwada a gaban mutane, bai taɓa ƙi ba."

Ba wanda ya ƙara tambayar komai. Kawunku ya sallami Chike a wurin, kuma babu shagon da ya sake kiransa ko da ɗaure kusa. Daga baya na ji har a cocinsu an ce ya ɗan dakata da zama a kujerar dattawa sai an bincika. Da zai tashi bai yi gardama ba. Ya dube ni ta saman tabarau, irin duban nan na ranar madanni, ya tare adaidaita da hannun hagu ya tafi.

Kakanku Malam yana raye a lokacin, muna tare a gidanmu na Fagge. Ya yi shekaru yana magatakarda a kotu kafin ya ajiye aiki, kuma ba ya barin magana ta wuce shi a dunƙule. Na same shi a soro yana yanke farce, na ba shi labari ina jiran ya ce na kyauta.

"Me aka tambaye ka, Habibu?"

"Ko zai yiwu inji ya ƙi tsayawa."

"Me ka amsa?"

"Na ce rubutuna ba kuskure."

"To ai ba ita aka tambaye ka ba."

"Baba, ban yi ƙarya ba."

"Ban ce ka yi ba. Amma mutanen nan sun tashi da cewa Chike maƙaryaci ne, kuma daga bakinka suka ɗauka. Ni na zauna a kotu na ga mai shaida ya faɗi gaskiya tsaf, tafinta ya gajarta ta don alƙali na sauri, aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba. Kai injin naka Hausarka yake ji ko Turancinka?"

Na ce masa ba ya jin ko ɗaya, akwai mai fassara masa. Ya ce to, ya ci gaba da yanke farcensa. Haushi ya kama ni, don a ganina tsoho bai san kamfaila ba, manhajar da manyan masana na duniya suka yi shekaru suna gogewa, ina ni ina zarginta. Na yi makonni ina cin wannan haushin, azumi ya kama ina ciki. Abinci ba ya mini daɗi, in an yi mini magana in yi tsawa. Wata rana da hantsi mahaifiyarku na tankaɗen garin kunu, Sadiku a bayanta, na zauna ina yi mata ƙorafi cewa na gwada ya fi a ƙirga, inji bai taɓa ƙi ba.

"Abban Zainab, wai wadda kake gwadawa ita ce wadda kake bar musu?"

"Rubutu ɗaya ne. Fassarar ce kawai daban."

"Ni dai ban taɓa ɗanɗana miya a wata tukunya in zuba wa baƙi ta wata ba," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Ku lura, yayanta ne a ɗaya ɓangaren, kuma ta san inda maganar za ta iya kai mu. Duk wanda ya ce muku mahaifiyarku ba ta da hannu a taurin kan nan, bai san gidan ba.

Akwai wani tsohon inji mai kai ɗaya da nake gwaji da shi a ɗakin soro. Na ɗora masa fassarar gaggawa, irin wadda ke shaguna, na haɗa wata 'yar na'ura da za ta riƙa danna ja tana saki ba gajiya, ta yi ƙara in inji ya ƙi tsayawa. Yini guda ba abin da ya faru, har na fara jin daɗi. Washegari ana kiran Azahar na ji ƙarar. Na shiga na tarar da madanni a danne, allura na ta suka a kan tsumma. Na tsaya ina kallonta, sannan na zauna a ƙasa. Ba yatsan kowa a wurin, amma ni yatsan Chike nake gani.

Kwana huɗu na yi ina karanta abin da ban taɓa damuwa in karanta ba, wato ainihin abin da tafinta ya faɗa wa inji. Yaren inji ba daɗin karatu gare shi ba, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa ne. A rana ta huɗu na gani. Ni na rubuta cewa ma'aikaci na farko ya canza ƙirgensa a gurbinsa kawai. Tafinta kuwa, don ya rage wa inji wahala, sai ya ce masa ya kwafe layin gaba ɗaya, gurbinsa da na maƙwabcinsa, ya canza nasa, ya goge layin, ya mayar da abin da ya kwafa. In ba wanda ya taɓa gurbin maƙwabci a wannan ɗan tsakanin, ba a ganin komai. Amma in ma'aikaci na biyu ya rubuta "tsaya" daidai bayan an kwafa kuma kafin a mayar, to an goge ta, an mayar da tsohon abin da ke wurin, kamar ba a taɓa dannawa ba. Tsakanin bai kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa sai a daɗe ba a faɗa ciki ba. Rige-rigen da na kiyaye a rubutuna, tafinta ya ƙirƙiro shi a fassara, alhali ƙa'idar harshen da nake rubutu da shi ta hana shi taɓa gurbin da ban ambata ba. Na tsara ɗan misali na aika wa masu kula da kamfailan ta imel. Amsarsu ba ta wuce layi biyu ba: sun gani, kuskurensu ne, za su gyara, sun gode. Na daɗe ina kallon layi biyun nan, ina mamakin yadda amsa laifi ya zo musu da sauƙi.

Gyaran a wurina ba wuya, raba gurbin biyu kawai zan yi su daina maƙwabtaka. Na ɗauki laftof na tafi shagon kawunku da safe, saura kwana goma Salla, kaya jibge har rufi, injina na ta ruri. Na ja shi gefe na nuna masa. Ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai kaifin kai, ya gane sarai.

"To alhamdu lillahi, ka gano," ya ce. "Ka zuba gyaran a filash, ka bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, ka ce sabuntawa ce. Minti nawa ne? Ba wanda zai sani."

"Chike fa, Yaya Alhaji?"

"Bayan Salla sai in aika masa da wani abu. In ƙura ta lafa ma ya dawo."

"An ce mashayi ne. A gaban mutane aka yi, da bakina a ciki."

"Habibu, ka san abin da kake faɗa? Ni na kai ka shagunan nan. In ka ce injinka na iya cin hannun mutum, sunana ne ka kashe, ba naka kaɗai ba. Ni na kori mutumin. Kana so in tsaya a layin nan a ce na zalunci mai gaskiya? Kuma ba kai ka yi kuskuren ba, da bakinka ka ce na wasu Turawa ne."

Gaskiyarsa, kuma nan ne wurin da na fi so ku fahimta. Hanyar da ya nuna mini tana da kyau a ido. Da na bi ta, ba yatsan da zai ƙara tafiya, sana'ata na nan, zumunci na nan, ba kuma wanda zai kira ni maƙaryaci, tunda rubutuna da gaske ba kuskure. Na so in bi ta, wallahi na so. Na fito na tsaya a bakin titi, adaidaita na ta yi mini hon, ina lissafin yadda zan gaya wa kaina cewa ya isa. Abin da ya hana ni abu biyu ne. Na farko, kuskuren tafinta ne, amma wanda ya hana a ja waya kai tsaye ni ne, da an ja ta da tafinta ya yi ta shirmensa ba abin da zai sami kowa. Na biyu, in na gyara a ɓoye, inji ba zai ƙara ƙin tsayawa ba har abada, kuma wannan shi zai zama hujjar ƙarshe cewa Chike bai danna ba. Gyaran nawa da kansa zai rufe shi.

Da na koma gida na gaya wa mahaifiyarku abin da zan yi. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce Yaya ba zai yafe ba. Na ce na sani. Ta ce to in sa farar rigata, kada in je wurin mutane kamar wanda aka koro.

Na roƙi shugaba ya sake shimfiɗa tabarmar. Na aika a gaya wa Chike, bai zo ba, ban kuma ga laifinsa ba. Na sa aka turo injin gwajina a kura ta dakon kaya, na kunna shi a gaban kowa da 'yar na'urar dannawa, na ƙara mata sauri don kada mu kwana a wurin. Mutane na azumi, rana na dukan rumfa, wasu har sun fara tsaki. Can sai ƙara ta tashi, madanni a danne, allura na suka. Na miƙe na ce shaidar da na bayar a nan ta sa an ɗauki mai gaskiya maƙaryaci. Na ce Chike ya danna, inji ne bai ji ba, kuma tun farko ya nemi a ja wayar da za ta hana haka, ni na ƙi. Na ce duk injin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwata a kashe shi yanzu, kada a kunna sai na gyara an kuma ja masa wayar.

Ba sai na faɗa muku yadda maɗinki ke ji in an ce ya kashe inji saura kwana tara Salla ba. Wani ya ce in tafintan ya yi ƙarya a nan, ina tabbacin bai yi a wani wurin ba? Na ce ba ni da tabbaci sai na karanta duka. Wannan amsar ita ta ƙarasa ni. Na gyara musu a cikin kwana uku, na samo mai jan waya, amma bayan Salla ɗaya bayan ɗaya suka cire ƙwaƙwalwata suka sayo ta waje, kuma ban ƙara sayar da ko guda ba. Na koma aji da alli, inda kuka san ni. Kawunku kuwa ya tashi daga tabarmar tun ban rufe baki ba, ya kaɗe rigarsa. Ya yi shekara uku bai taka gidanmu ba, mahaifiyarku ce ta sha wahalar wannan fiye da ni, ita ke zuwa ita kaɗai ta dawo da jajayen idanu.

Daga wurin tabarmar ban koma gida ba. Na hau adaidaita zuwa Sabon Gari, na yi tambaya har aka nuna mini gidan, wani tsohon gida mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a jere. Matarsa ce ta buɗe, ta gane ni, fuskarta ta ɗaure, amma ta ba ni kujera. Chike na zaune a gindin bishiyar gwanda da kan wani tsohon keken ɗinki a cinya, yana ƙoƙarin kama ƙaramar kusa da babban yatsa da na tsakiya, tana zamewa. Ya rame. Na zauna na kwashe komai na faɗa masa, allo da gurbi da tafinta da tabarma, har da wayar da na hana shi ja. Na nemi gafararsa. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya ajiye kusar, ya cire tabarau ya bar shi yana lilo a igiyar takalmin.

"Injiniya, ka san abin da ya fi yatsan nan ciwo? Ba maganar giya ba ce, wanda ya san ni ya san ni. Ranar da ka yi magana a wurin shugaba, na dawo gida ina cewa mutumin nan ya fi ni ilimi, kuma ba ya ƙarya. To ko ni ne? Ko na yi niyyar dannawa ne ban danna ba? Wata biyu ke nan, ko cokali zan ɗauka sai na duba hannuna na ga ko ya yi abin da na sa shi."

Ya juya ya kira matarsa da 'ya'yansa mata biyu, suka fito suka tsaya a bakin ƙofa. Sannan ya dube ni, ba tabarau a tsakaninmu.

"Bar zancen tafinta, ba za su gane ba. Faɗi ɗaya kawai su ji. Na danna?"

"Ka danna, Chike."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya mayar da tabarau, ya sunkuya yana laluben kusarsa a ƙasa. Matarsa ta shiga ciki, da aka kira Magariba ta fito mini da ruwa da dabino uku a faranti.

Bai koma layin ba, ko da shugaba ya aika masa sau biyu. Ya buɗe 'yar rumfar gyaran keke a ƙofar gidansa, a nan ya ƙare aikinsa. Ni na rasa sana'a na sami wata, na rasa kawunku na sami rabinsa daga baya. Shi gaɓar yatsansa ba ta dawo ba. Dattijon nan da ke zuwa mana ran Salla da kwalin lemo, wanda kuna ƙanana kuke rige-rigen kama guntun yatsansa kuna tambayarsa wa ya cinye, yana ce muku ɓera ne, shi ne Chike. Ba ɓera ba ne. Yanzu kun san wanda ya ce a bar wa manhaja.